Firinta, tawada da takarda: yadda za ka zaɓa idan hoton baƙi da fari ne sana'arka

Duk wanda ya taɓa buga hoton baƙi da fari da firintar ofis ya san abin da ke biyo baya. A fuskar kwamfuta hoton tsaf yake, baƙin ya zauna, farin ya fito. Da takarda ta sauko sai ka ga fuskar mutum ta ja zuwa kore-kore, ka kai ta bakin taga kuma ta koma ja-ja. Mutane da yawa sukan ɗora laifin a kan takarda ko a kan wanda ya sayar musu da tawada. Yawanci ba can matsalar take ba. Firintar ce ba ta da tawadar toka.

Firinta mai tawada huɗu, irin Epson L3250 da 'yan'uwanta da suka cika shagunan buga takardu, baƙi ɗaya gare ta sai kala uku: shuɗin sayan, jan majenta da rawaya. Idan aka ce ta fitar da ruwan toka, hanya biyu ce a gabanta. Ko dai ta warwatsa ɗigon baƙi nesa da juna, sai wuraren haske kamar goshi da sararin sama su fito da tsaki-tsaki, ko kuma ta cakuɗa kalolin nan uku har su ba da wani abu mai kama da toka. Ta biyun ta fi santsi, amma ma'auninta siriri ne ƙwarai. Kala ɗaya ta ɗan rinjaya, hoto duka ya karkata. Kuma ko an dace ma'aunin ya daidaita a hasken rana, ba lalle ya daidaita a ƙarƙashin ƙwan LED ba, domin kowace kala da yadda take mayar da kowane irin haske. A hoton kala ido yana yafe wannan. A baƙi da fari ba ya yafewa ko kaɗan.

A nan ne masu situdiyo da yawa suke ruɗuwa da yawan tawada. Epson L805 da L1800, da waɗanda suka gaje su, L8050 da L18050, tawada shida suke da ita, kuma a hoton biki da suna da fasfo aikinsu abin yabo ne. Sai dai ƙarin biyun nan sayan ne mai haske da majenta mai haske. Babu toka a ciki. Don haka idan mai shago ya ce maka "wannan mai kala shida ce", tambayar da za ka yi masa ita ce: nawa ne baƙi da toka a cikin shidan? Haka nan ƙananan injinan da ke aiki da ribon, da manyan injinan wankin hoto da ke bugawa a takardar kala, duk da kala uku suke haɗa tokarsu, shi ya sa baƙi da farinsu bai cika fitowa tsaf ba.

Abin ya canza ne a 2005, lokacin da Epson ta fitar da Stylus Photo R2400 da tawadar UltraChrome K3, mai baƙi da toka mai duhu da toka mai haske, tare da wani sashe na musamman a manhajar firintar da ake kira Advanced Black and White. A wannan sashe tokar ce ke ɗaukar nauyin hoton, kala kuwa ɗan kaɗan ake sa wa don daidaita launi. Canon ita ma tana da nata irin sashen a firintocin hotonta. Tun daga nan duk firintar da ta amsa sunan ta baƙi da fari a kan wannan tubalin take.

Kafin a kai ga sunayen injina, sai an raba tawada gida biyu, don wannan ne zaɓin da ba ya gyaruwa bayan an saya. A kwali za ka ga an rubuta dye ko pigment. Ta farko tawadar rini ce, launin ya narke cikin ruwa, tana nutsewa cikin fatar takarda. Ta biyu, figmen, ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai da ke yawo cikin ruwa, suna zama a saman takarda. Baƙin figmen kabon ne, asalinsa ɗaya da tawadar allo da ake haɗawa da gawayi da ƙaro, kuma kabon ba ya jin haske. Shi kaɗai ba baƙi ƙirin ba ne, yana ɗan ja zuwa ruwan ƙasa, shi ya sa kamfanoni suke sa masa ɗan sayan da majenta idan ana son toka tsantsa.

Rini yana da kyansa, kada a raina shi. A takarda mai sheƙi, tunda ya shige ciki, fuskar hoton takan fito sumul, sheƙinta ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, baƙin kuma ya yi zurfi. Figmen a irin wannan takarda yana da aibu biyu. Idan ka karkata hoton ga haske, za ka ga inda tawada ta yi yawa sheƙinsa daban da inda takarda take tsirara, wani lokaci kuma wuraren toka su riƙa walƙiyar tagulla. Canon ta magance wannan da wani ruwa mara launi da take shafawa a sama, Chroma Optimizer. Epson kuma a sababbin injinanta tana ƙara shimfiɗa toka mai haske a kan wuraren duhu. Duka biyun sun rage matsalar sosai, ba su kashe ta gaba ɗaya ba.

Inda rini ke faɗuwa shi ne daɗewa. Haske yana cin sa, iska ma tana cin sa idan ba a rufe hoton da gilashi ba, kuma kalolin ba tare suke dusashewa ba, don haka hoton da ya fito toka yau zai iya komawa ruwan ƙasa ko kore nan gaba. Rinin asali na kamfani ya inganta ƙwarai, a albam ko bayan gilashi yana kai shekaru masu yawa. Rinin kwalba mara suna da ake ɗura wa tanki don araha shi ne wanda ba ya da amana, kuma araha dai ba ta ado. Epson tana cewa baƙi da farin figmen ɗinta na yanzu zai iya kai shekara 400, na kala 200. Irin waɗannan alƙaluma daga gwajin gaggawa suke fitowa, kamar na cibiyar Wilhelm Imaging Research da ke Amurka, wadda take lissafi a kan haske luks 450 na awa 12 kullum, a ɗaki mai matsakaicin zafi. Falon da rana ke dukan bangonsa a watan Afrilu a Sakkwato ko Damagaram ba irin wannan ɗaki ba ne. Ni ina ɗaukar alƙaluman ne a matsayin ma'aunin kwatanta tawada da tawada, ba alkawari ba. Abin da suke nunawa a fili shi ne figmen ya fi rini daɗewa nesa ba kusa ba. Wanda zai sayar da hoto ga mai tara hotuna, ko ya ba gidan tarihi, ko ya buga hoton kakanni da za a gada, figmen ya kamata ya nufa.

To, ga injinan da suka cancanci a duba.

Mafi sauƙin ciyarwa su ne masu tanki da ke da toka. Canon PIXMA G540 da G640 suna da rini shida, har da toka da ja, amma iyakarsu A4. Wadda ta fi jan hankalina ita ce Epson L8180, wadda a Turai da Amurka ake sayarwa da sunan ET-8550 tun 2021, ƙanwarta kuma L8160 mai tsayawa a A4. Tana bugawa har A3+, wato inci 13 a 19. Tawadarta shida ce: baƙin figmen, baƙin rini, toka, da kala uku, kowace a kwalbar mililita 70. Tana da ƙofar baya da takarda mai kauri ke shiga a miƙe, tana kuma da sikana a kai, abin da zai yi wa mai gyaran tsofaffin hotunan iyali amfani. Toka ɗaya ce kawai, kuma yawancin tawadar rini ce, saboda haka ba za ta kai manyan ba wajen tsabtar toka ko daɗewa. A wasu takardun za ka ga ɗan karkata zuwa wata kala, sai ka gyara da hannu a manhaja. Amma tawadarta tana da araha har mutum zai iya buga gwaji goma ba tare da gabansa ya faɗi ba, kuma da yawan gwajin ne hannu ke faɗawa.

Sai Canon PIXMA PRO-200, ta 2020, mai rini takwas da ya haɗa da baƙi, toka da toka mai haske. A takarda mai sheƙi baƙi da farinta yana da kyau matuƙa. Katirij ɗinta ƙanana ne, a takardar auduga kuma baƙinta ba ya zama kamar na figmen. Idan albam kake yi a takarda mai sheƙi ta isa. Idan ba haka ba, ni dai zan wuce ta.

Masu figmen na A3+ biyu ne ke gasa, dukansu na 2020: Epson SureColor P700 da Canon imagePROGRAF PRO-300. Kowace tana da tawada goma, kowace tana da baƙi biyu, ɗaya na takarda mai sheƙi, ɗaya na mara sheƙi, kowanne da hanyarsa. P700 tana da toka biyu, PRO-300 toka ɗaya da ruwan daidaita sheƙi. A rubuce kamar Epson ta ci, amma a takarda bambancin kaɗan ne, tokar PRO-300 tsaf take fita. Bambancin da za ka ji a aljihu shi ne girman katirij: mililita 25 a P700, mililita 14.4 a PRO-300. A sani kuma, katirij ɗin farko da ke zuwa cikin kwalin P700 mafi yawansa wajen cika bututun injin yake tafiya, don haka a haɗa kuɗin saiti na biyu cikin kuɗin saye tun daga farko.

Manyansu, masu faɗin inci 17 da ke buga A2, su ne Epson P900 da Canon PRO-1000 ta 2015, wadda PRO-1100 ta gada a 2024. P900 katirij ɗinta mililita 50 ne, ana iya saya mata abin ɗora takardar nadi. PRO-1000 tawada 12 gare ta a katirij na mililita 80, da baƙi biyu da toka biyu, tana tsotse takarda da iska don ta kwanta sosai lokacin bugu, kuma nauyinta ya kai kilo 32, kusan ninki biyu na P900. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, mililita ɗaya a babban katirij ya fi arha ƙwarai a kan na ƙarami. Wanda ke bugu kullum, ko da A3 ne iyakarsa, sau da yawa babbar firinta ce za ta fi masa sauƙi bayan shekara ɗaya ko biyu.

Tsakanin kamfanonin biyu akwai bambancin ƙira da ya shafe mu kai tsaye. Kan firintar Canon, wato sashen da ke fesa tawada a takarda, da zafi yake aiki. Yana gajiya da amfani, amma mai ita zai iya cire shi ya sa sabo da hannunsa, ko da yake da tsada. Kan Epson da motsin wani ɗan ƙaramin kiristal yake turo tawada, an yi shi ne ya rayu tsawon rayuwar injin, amma ranar da ya lalace sai makaniki, kuɗin kuma yakan kusa na sabuwar firinta. Canon tana wanke kanta da kanta bisa lokaci, shi ya sa ba ta cika toshewa ba, sai dai wankin nan tawada yake sha, kuma wanda ba ya bugu akai-akai zai tarar rabonta mai yawa ya tafi akwatin datti, wato wanda ke tara tawadar wanki, maimakon takarda. Epson ba ta kai ta shan tawada a zaune ba, amma ita ce ta fi saurin nuna fushi idan an bar ta.

Hunturu kuwa abokin gabar figmen ne. Kamfanonin suna son laimar iska ta kasance tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari don bugu mai kyau, mu kuma daga Disamba zuwa Maris iskarmu takan bushe ƙasa da haka sosai, ga ƙura da ke shiga ko ta ina. Tawada ta bushe a bakin ramukan kai, sai layuka farare su riƙa ratsa hoto, a wuraren toka mai santsi suka fi fitowa. Maganinsa ba wuya gare shi ba, naci yake so: a rufe firinta da mayafi idan ba a aiki, a buga gwajin ramuka, wato shafin da ke nuna ko wani ramin kai ya toshe, ko ƙaramin hoto aƙalla sau ɗaya a mako, a ajiye na'urar ƙara laima ko da bokitin ruwa ne a ɗakin, kada kuma a sa ta a inda iskar AC ke bugawa. A kashe ta da maɓallinta don kai ya koma mazauninsa ya rufu. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar bugu, takarda mai tsada ta tafi, kan kuma ya tsaya a buɗe. Saboda haka UPS da sitabilaiza cikin kuɗin firinta suke, ba ƙari ba ne.

Akwai tarko biyu wajen saye. Na farko, firintar da aka sayo daga Amurka: wasu wutar 110 suke ci, mu kuwa 230 muke da ita, sannan katirij ɗin P700 da P900 na Amurka lambarsa daban da na Turai, ɗaya ba ya aiki a injin ɗaya. Kafin ka biya, ka tabbatar wane iri ne dillalai suke kawowa, ko a Computer Village ta Ikeja ko a duk inda kake sayayya, ka kuma tambaya takamaimai ko suna ajiye toka da akwatin datti, domin mai buga baƙi da fari toka ce take fara ƙare masa. Na biyu, tsofaffin Epson na hannu irin 3880, P600 da P800. Injina ne nagari, amma baƙinsu biyu hanya ɗaya suke bi, duk sanda ka sauya daga takarda mai sheƙi zuwa mara sheƙi sai an zubar da tawada an wanke hanyar, kuma abin da ke sauyawar yakan lalace da tsufa. Kada ka karɓi ko ɗaya sai an buga gwajin ramuka a gabanka ya fito cikakke.

Akwai wata hanya ta masu zurfafawa, wadda Jon Cone na jihar Bamont a Amurka ya shahara da ita da sunan Piezography: a cire kala gaba ɗaya daga firintar Epson, a cika ta da kabon mai matakan toka har bakwai, a sarrafa ta da manhajar QuadToneRIP ta Roy Harrington. Santsin da take bayarwa a wuraren haske abin kallo ne. Amma firintar ta daina kala ke nan, garanti ya tafi, tawada kuma sai an yi odarta daga waje kowane lokaci. Ba da ita ake farawa ba.

Yanzu takarda, wadda a ganina ita ya kamata a fara zaɓa kafin firinta, don ita mai kallo yake gani, ita yake taɓawa. Firinta ba ta da farar tawada. Duk farin da ke cikin hotonka farin takarda ne, kuma zurfin baƙin ma takarda ce ke yanke iyakarsa.

Mafi yawa a kasuwa ita ce takarda mai rufin roba gaba da baya, wadda ake rubuta wa RC, mai sheƙi ko mai ɗan tsaki-tsaki da ake kira lasta, kamar Epson Premium Luster. Tana da arha, tana jure hannu da laima, baƙinta yana da zurfi. Ita ce ta aikin yau da kullum da ta gwaji. Aibunta shi ne a hannu roba take, kuma yawancinta an sa mata sinadarin ƙara fari. Sinadarin nan yana karɓar hasken da ido ba ya gani ya mayar da shi shuɗi-shuɗi, takarda ta yi fari fat, amma da shekaru yana mutuwa, farin ya koma na asali mai ɗan rawaya. Gane shi da sauƙi: ka haska takardar da 'yar fitilar nan da ake duba jabun kuɗi da ita a wuri mai duhu. Idan ta yi walƙiyar shuɗi, akwai shi. Idan ta tsaya dusu-dusu, babu.

Sai barita, wadda aka yi don ta kwaikwayi takardar ɗakin duhu ta da, irin wadda hotunan su Malick Sidibé na Bamako da J.D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya suka saba fitowa a kai a wuraren baje koli. Takarda ce mai kauri da aka shafa wa farin sinadarin bariyam salfet, sheƙinta mai laushi ne, ba na madubi ba. Canson Infinity Baryta Photographique da Ilford Galerie Gold Fibre Silk nauyin kowace giram 310 ne a murabba'in mita, Hahnemühle FineArt Baryta 325. Akwai kuma 'yan'uwansu masu gindin auduga, irin Canson Platine Fibre Rag da Hahnemühle Photo Rag Baryta, waɗanda farinsu ya fi ɗumi. A ma'aunin zurfin baƙi, barita da figmen takan haura 2.2.

Ta uku ita ce auduga mara sheƙi, wadda sarauniyarta ita ce Hahnemühle Photo Rag mai giram 308, daga kamfanin Jamus da ya faro tun 1584, sai Canson Rag Photographique daga Faransa. Ba ta mayar da haske ko kaɗan, daga kowace kusurwa hoton ɗaya ne, a hannu kuma tana da laushi da nauyi. Zurfin baƙinta yakan tsaya wajen 1.6 zuwa 1.7, wato baƙinta bai kai na barita ba, matakan da ke cikin inuwa kuma sukan matse. Fuskarta ba ta son taɓi: farce ya goga wurin baƙi, alama ta zauna har abada. Kafin a sa ta a firinta sai an share ta da burushi mai laushi, in ba haka ba tawada ta hau kan ƙwayar ƙura, ƙurar ta faɗi daga baya, ta bar farin ɗigo a tsakiyar baƙi.

Wannan bambanci na 1.7 da 2.2 ya fi shafar mu fiye da yadda littattafan Turawa suke nunawa, saboda irin abin da muke ɗauka. Ka ɗauki hoton dattijo baƙi cikin farar babbar riga ta shadda da farin rawani, yana zaune a zaure, haske na shigowa daga ƙofa. Fuskar tana can cikin matakan duhu: ƙyallin goshi, layukan kumatu, inuwar da rawani ya sauke a kan ido, duk tsakanin baƙi da toka mai duhu suke. Rigar kuma tana ɗaya ƙarshen, inda aikin zare fari a kan fari, aska takwas ko wani zane, bambancinsa da yadin bai fi mataki ɗaya ko biyu ba. A barita, fuskar tana samun fili, ƙyallin fata ya rabu da inuwa, ido ya fito daga ƙarƙashin rawani. A auduga mara sheƙi, idan ba a buɗe inuwar da hannu kafin bugu ba, rabin fuskar zai dunƙule ya zama baƙi ɗaya. Rigar kuwa tana buƙatar toka mai haske, don ita ce ke zana zaren ba tare da ɗigo ya bayyana ba. A nan ne firinta mai toka biyu take nuna fifikonta. Sai kuma launin farin: a takarda mai ɗumi shaddar za ta fito ruwan madara, wani ya so haka, wani ya ce ba rigarsa ba ce.

Don haka ni, hoton fuska da na hawan salla, inda akwai gumin doki da ƙyallin linzami da takobi, barita nake ba su. Ginin ƙasa, ganuwa, hazon hunturu a kan gona, hoton tsohuwa cikin haske mai laushi, waɗannan sun fi zama a auduga, don ba zurfin baƙi suke nema ba. Idan kuma hoton bayan gilashi zai shiga a ɗaki mai tagogi da yawa, auduga tana da riba, domin sheƙi biyu, na gilashi da na takarda, suna gajiyar da ido, kuma gilashin kansa yana rage tazarar da ke tsakanin baƙin nan biyu. Wannan zaɓi shi ke komawa ya yanke na firinta: mai son auduga dole ya nemi baƙin figmen na takarda mara sheƙi, mai tsayawa a RC mai sheƙi kuwa rini zai iya isar sa.

Kafin ka sayi kwali guda na kowace takarda, ka nemi fakitin samfur. Hahnemühle da Canson duk suna yin sa, ganye ɗaya ko biyu na kowane iri. Ka buga hoto ɗaya a kansu duka, ka sa jerin matakan toka 21 daga baƙi zuwa fari a gefensa. Idan matakai uku na ƙarshe a ɓangaren duhu sun haɗe, inuwarka za ta toshe a wannan takarda. Ka duba su da rana a inuwa, ka sake dubawa da dare a ƙarƙashin ƙwan ɗakin da za a rataye. Ka bar su su kwana tukuna, don launin tawada yana ɗan sauyawa kafin ta gama bushewa. A manhaja kuma abu biyu ke ɓata aiki: zaɓen nau'in takarda ba daidai ba, wanda shi ke gaya wa firinta wane baƙi za ta ɗauka da yawan tawadar da za ta zuba, da kuma barin Photoshop da firinta su sarrafa launi a lokaci guda. Idan sashen baƙi da fari na firinta kake amfani da shi, ka bar mata ragamar ita kaɗai. Kukan da aka fi yi, cewa hoto ya fito da duhu, kusan kullum daga sikirin ne mai haske fiye da kima. A sauke shi zuwa tsakanin kandela 80 da 120.

Idan aka tambaye ni kai tsaye, ga yadda zan raba. Ɗalibi, ko mai situdiyo da ke son ƙara baƙi da fari cikin aikinsa na biki da hoton iyali, ya ɗauki L8180, ya tsaya a tawadar asali, ya yi aiki da lasta da barita ɗaya. Wanda ke baje koli ko sayar da hoto da sa hannunsa, kuma yana bugu kowane mako, ya tsallake masu A3+ ya nufi P900 ko PRO-1100, wadda dillalin da ke kusa da shi ya fi iya kawo wa tawada, domin ingancinsu ya yi kusa har samuwar katirij ta fi muhimmanci. P700 da PRO-300 na wanda wuri ko jari ya takura ne, kuma bugunsa ba shi da yawa amma ba ya yankewa. Wanda kuwa hoto goma ko ashirin yake bugawa a shekara, kada ya sayi mai figmen sam. Tawadar za ta kwanta a katirij, Epson ma cewa take a ƙarar da shi cikin wata shida bayan buɗewa, kan zai toshe, kuɗin wanki ya fi na bugu. Ya kai wa mai babbar firinta, ya zaɓi takardarsa da kansa, ya nemi ƙaramin gwaji kafin babba.

Bayan bugu, RC tana fitar da wani tururi daga tawadar da ba ta gama bushewa ba, wanda idan aka yi saurin sa ta a firam zai bar hazo a cikin gilashi. A ɗora mata farar takarda ta kwana ɗaya ko biyu kafin a rufe. Barita takan lanƙwashe a lokacin bushewar iska, gefenta ya ɗaga har kai ya goge shi ya bar baƙin tabo, don haka a ajiye ta cikin ledarta a kwance, a ƙara tazarar kai da takarda a manhaja. Wajen firam, kada hoto ya taɓa gilashi, a sa kwali mara asid tsakaninsu, kada kuma a yarda mai firam ya manna shi da gam ko salatif a jikin katako. Sa hannu a auduga da fensir ake yi, a barita da RC kuwa fensir ba ya kamawa, sai alƙalami mai tawadar figmen.